Gidan Da Kurciya Ke Sauka

Ƙannena maza da mata, ku lura da yadda ake gina sabon gida a yau a bayan garin Kano ko Katsina ko Maraɗi. Kafin a haƙa tushe an sare kurnar da aka tarar a filin. In an gama gini sai a malale tsakar gida da siminti ko a jera intalok daga bango zuwa bango, a kafa ƙwan lantarki a kowace kusurwa, a ajiye kwalbar fiya-fiya a bayan ƙofa. Maigida ya duba ya ce alhamdu lillahi, gida ya yi tsaf. Ya yi tsaf ɗin kuwa, sai dai ko ƙadangare ba ya samun abin karyawa a cikinsa, kuma in bazara ta kama, simintin nan yakan wuni yana shan rana ya kwana yana amayar da zafi.

Ba zagin siminti nake yi ba. Duk wanda ya taɓa fitowa sallar asuba ya zurma ƙafa cikin caɓin damina a ƙofar ɗakinsa ya san amfaninsa. Maganata ita ce ku roƙi iyayenku su bar muku kusurwa ɗaya, ko da faɗin tabarma biyu ce, inda ƙasa za ta ci gaba da zama ƙasa. Kuma ku sani tun yanzu, haƙurin da za ku yi a wurin ya fi aikin yawa. Tsuntsaye da ƙwari da ƙananan dabbobi suna nan kewaye da mu, ba sai an je daji an ɗauko su ba. Tsintsiya da feshi da danƙo ne suka hana su zama, saboda haka yawancin abin da zan gaya muku janye hannu ne. In Baba ya tambayi ribar abin, ku tuna masa hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito daga Anas ɗan Malik, wanda ya nuna cewa abin da tsuntsu ko dabba ta ci daga shukar mutum ana rubuta masa shi a matsayin sadaka. Da wuya dattijo ya yi gardama da wannan.

Ku fara da ruwa. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi kan haura digiri 40 a ƙasarmu, kududdufai sun ƙafe, za ku ga kurciya a kan wayar lantarki ta buɗe baki tana haki. Kasko ya isa, ko gindin fasasshiyar randa. Na ƙasa ya fi na roba domin yana riƙe sanyi. Kada zurfin ruwan ya wuce gaɓar yatsa biyu, domin beni da gwara ba agwagi ba ne, suna son inda za su tsaya da ƙafafunsu su yi wanka. Ku jefa 'yan duwatsu waɗanda kawunansu za su fito sama, nan ne ƙudan zuma zai sauka ya sha ba tare da ya nutse ba. Ku ajiye shi a inuwa, a ɗan bisa, inda tsuntsu zai iya hango mage kafin ta iso. In rana ta farko ko ta biyu babu wanda ya zo, kada ku ɗauke. Tsuntsu yakan daɗe yana leƙen sabon abu daga nesa, amma in ɗaya ya sauka ya sha lafiya, saura za su biyo.

Ga sharaɗin da babu sassauci a kansa: ruwan nan kada ya kwana uku. Sauro yakan tashi daga ƙwai ya zama mai cizo cikin mako guda zuwa kwana goma a lokacin zafi, kuma a lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da maleriya a duniya a Najeriya suke. Bai kamata tausayin kurciya ya kwantar da ƙaninku a asibiti ba. Ku zubar da ruwan a gindin shuka, ku dirje kaskon da soso kafin ku sake cikawa, domin sauron da ke kawo zazzaɓin shawara a jikin mazubi yake liƙa ƙwansa, kuma ƙwan na jure bushewa. In kuna da kaji, ku raba musu wurin sha da na tsuntsayen waje. Tun da murar tsuntsaye ta ɓulla a jihar Kaduna a 2006, masu kiwo suka san tsadar haɗa kaji da baƙin tsuntsaye a kwano ɗaya. Wanda ya san ba zai iya wannan ɗawainiya ba, gara ya bar kaskon a kife.

Sai itace, kuma a nan ne zan fi daɗewa, domin zaɓin da kuka yi bana shi zai zauna a gidan shekara talatin.

Kusan kowa in ya tashi dasa bishiya darbejiya yake nema, wadda wasu ke kira maina ko dogon yaro. Asalinta Indiya, kuma a 1928 aka fara dasa ta a Borno. Ta yi mana rana, ba mai musu: tana jure fari, tana saurin girma, akuya ba ta cika damunta ba, kuma rabin inuwar garuruwanmu tata ce. Amma ɗacin ganyen nan nata da ke korar ƙwari shi ne ya sa tsuntsu mai cin ƙwari ba ya samun komai a kanta. Wasu masu binciken tsuntsaye 'yan ƙasar Holan, Leo Zwarts da abokan aikinsa, sun yi shekaru suna bin yankin Sahel bishiya-bishiya suna ƙirga tsuntsayen da ke kai. Abin da suka wallafa a 2015 ya nuna cewa tsuntsaye masu cin ƙwari, musamman baƙin da ke zuwa daga Turai, a kan itatuwa masu ƙaya suke taruwa, irin su gawo da aduwa da dangin ƙaya, sannan da itacen asuwaki mai 'ya'ya. Darbejiya da bishiyar turare kuwa kusan fayau suke. Bayanin da suka bayar yana da ma'ana: itacen da ya kare kansa da ƙaya ba ya bukatar sanya ɗaci a ganye, sai ƙwari su yawaita a kansa, tsuntsu kuma ya bi ƙwari.

Waɗannan baƙi na Turai ba ƙaramin abu ba ne. Akwai wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro, nauyinsa kimanin giram 15, wanda ke ƙyanƙyasa a Ingila, ya ƙetare Bahar Rum da Sahara ya zo ya yi rani a wajenmu. A 1969 masu ƙirga tsuntsaye a Ingila suka wayi gari kusan kashi uku cikin huɗu na irinsa ba su koma ba. Da aka bi diddigi, sai aka tarar farin da aka yi a Sahel a shekarar da ta gabata ne ya cinye su. Ke nan aduwar da ke bayan gidan kakanku tana iya zama wurin da wani ɗan tsuntsu zai tara kitsen da zai ƙetare hamada da shi. Mutane kan yi tafiya musamman zuwa fadamun Haɗeja da Nguru don kallon tsuntsayen ƙaura, amma ƙananan cikinsu ba ruwansu da iyakar gandu, duk inda itacen kirki yake nan suke sauka.

To me za a dasa a ƙaramin gida? Ni dai magarya nake fara ambata. Ba ta da girman da zai tsorata maƙwabci, ƙayarta mafaka ce ga masu sheƙa domin mage ba ta iya kutsawa, ƙudan zuma na son furenta, 'ya'yanta kuma ku da tsuntsaye za ku yi rabo. Kurna ma haka, in akwai fili. Zogale yana fure a lokacin da yawancin tsirrai sun bushe, za ku ga ɗan tsuntsun nan mai siririn lanƙwasasshen baki, sha-kauci, yana zuƙar ruwan furen. Lalle in aka bar shi ya yi shinge, furensa na jawo ƙwari, cunkoson rassansa kuma na ɓoye sheƙa. Gwanda da goba da lemun tsami duk suna da masu ziyartarsu. Ɓaure da cediya da durumi kuwa babu kamarsu wajen ciyar da tsuntsu da jemage, domin sukan yi 'ya'ya a lokutan da sauran itatuwa ba su da komai. Amma kada ku kuskura ku dasa su kusa da bango ko masai ko rijiya, saiwarsu na fasa gini. Waɗannan na ƙofar gida ne mai fili, ko harabar makaranta da masallaci. Gawo ma na gona ne da babban fili. Shi ne itacen da ke kaɗe ganye da damina ya tofo da rani, ya yi fure daidai lokacin da ƙudan zuma ke neman abin ci.

Wanda ke gidan haya ko gidan da siminti ya riga ya cinye, yana da tsohon bokiti da buhu da tukunya. Ya huda gindinsu, ya cika da ƙasa da taki. Ruwan alwala kaɗai, in aka tare shi a maimakon ya bi rariya, ya isa ya rayar da zogale biyu da ɗaɗɗoya.

In kuka shuka kabewa, ku tashi da sassafe ku duba furenta, akwai karatu a wurin. Fure iri biyu take yi a jiki ɗaya, namiji da mace. Na macen za ku gane shi da ɗan ƙullutun da ke gindinsa. Da asuba yake buɗewa, kafin azahar ya yanƙwane, kuma a cikin waɗannan 'yan sa'o'i dole ƙwaro ya ɗauko garin furen namiji ya kai masa. In bai samu ba, ƙullutun ya yi rawaya ya faɗi. Sau da yawa mai lambu kan ce ƙasarsa ce ba ta da kyau, ko wani ya yi masa baki, alhali shi ne ya fesa magani jiya ya kashe ma'aikatansa. Don haka ku bar ɗaɗɗoya da na'a-na'a da albasa ko biyu su yi fure, kada ku tsinke duka don miya. Tumfafiyar da ta fito da kanta a kusurwa, in ba ƙananan yara a gidan da za su yi wasa da ƙaronta, ku ƙyale ta. A ganyenta ne wani malam-buɗe-littafi mai ruwan goro da baƙin gefe yake ajiye ƙwansa. A ganyen lemun tsami kuma za ku ga wata tsutsa mai kama da kashin tsuntsu. Kafin ku murƙushe ta, ku sani ita ce ke zama babban malam-buɗe-littafin nan mai baƙi da ɗigon rawaya. Ganye goma da za ta ci ba zai kashe babban lemo ba. In dashe ne ƙarami, ku ɗauke ta da tsinke ku mayar kan babba.

Maganin feshi bai san aboki ba. Yana kashe tsutsar da ke cin tumatir, ya kashe zanzaron da ke farautar tsutsar, ya kashe ƙoƙi-ƙoƙi da gizo-gizo, kuma masu ɓarnar sun fi masu farautar saurin dawowa. Zanzaron nan da ke ɗaukar laka yana gini a bango, a cikin ɗakin nasa tsutsa ko gizo-gizo yake cusawa bayan ya sumar da su, don ɗansa ya samu abinci in ya ƙyanƙyashe. Ba ya harbi sai an kama shi. Tarayyar Turai ta hana amfani da wasu magungunan ƙwari uku a fili tun 2018 saboda illarsu ga ƙudan zuma. A nan gida kuma NAFDAC ta hana sayar da Sniper barkatai a kasuwanni a 2019, amma ku leƙa ɗakunan girki ku gani. A lambun da bai wuce tabarma biyu ba, hannu da toka da ruwan sabulu da jiƙon ƙwallon darbejiya sun wadatar. In ta kama dole a yi feshi, babba ya yi, da yamma lis, a kan shukar da ke ciwo kaɗai, ba lokacin da take fure ba.

Sai maganar shara, inda na san za ku yi karo da Inna. Ita a wurinta ganye a ƙasa ƙazanta ce, kuma a tsakar gida tana da gaskiya. Ku share, amma a maimakon cinna wa ganyen wuta ku tara shi a gindin shukarku ko a ɗan rami a kusurwa. A ƙarƙashinsa laima ke zama, tana da gwazarma su yi aikinsu, ƙasa ta yi baƙi. Kwaɗo zai samu wurin fakewa da rana ya fito da dare ya kama ƙwari. In unguwarku na kusa da gonaki, wata rana bushiya za ta shigo ta rariya tana neman ƙwaro da dodon koɗi. Kulɓa da hawainiya, waɗanda yara ke jifa saboda an ce suna da dafi, babu mai dafi a cikinsu. Ƙwari suke ci.

Kada ku ɗauka ina cewa kowane baƙo abin maraba ne. Rariyar da bushiya ke bi, maciji ma na iya bi, kuma tarin ganye da duwatsu wurin kunama ne. Je ku asibitin masu saran maciji da ke Kaltungo a jihar Gombe lokacin noma da girbi ku ga aikin kububuwa. Saboda haka tarin ganyenku ya yi nesa da ɗakin kwana da wurin wasan yara, kada ya yi tudu, kada a sa hannu a ciki sai da manjagara ko sanda, kuma ba a zuwa wurin da dare babu takalmi da tocila. A unguwar da aka san macizai na yawo, a toshe rariya da raga, bushiya ta yi haƙuri. In tsautsayi ya faɗa, ba a tsaga wurin, ba a tsotsa, ba a ɗaure tamau. Asibiti ake nufa. Rina in ta yi gida a bakin ƙofa a cire ta, ƙudan zuma in ya tare a rufi a kira mai kiwon zuma, domin zumarmu ta Afirka ba ta da wasa.

Abin da ke jawo maciji gida, galibi ɓera ne. Shi ya sa ban ce ku riƙa watsa tsaba da ragowar tuwo a ƙasa ba. In za ku ba tsuntsaye gero, ɗan kaɗan da safe a faranti, wanda za su cinye kafin yamma. Ɓeran da ke ɗauke da zazzaɓin Lassa, cutar da aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno, ta fitsarinsa da kashinsa a kan abinci yake yaɗa ta. Babban maƙiyin ɓera kuwa ita ce tsuntsuwar da muka fi tsana. Mujiya in ta yi kuka a kan soro sai a ce mutuwa ta zo, a fito da duwatsu. A Malesiya manoman kwakwar manja da shinkafa akwatuna suke kafa mata a gona don ta zauna ta kama musu ɓeraye. Mu kuma mu kore ta, mu sayi shinkafar ɓera, mage ta ci mataccen ɓeran ta bi shi. Jemage ma haka yake shan jifa, alhali da dare shi ke bin furen ɗorawa da kuka da rimi yana haɗa su, kuma daga furen ɗorawan nan kalwa ke fitowa, daga kalwa daddawa. Ba a kama shi da hannu, ba a cin abin da ya gatsa, domin yana iya ɗaukar cuta. A bar shi a sama inda yake.

Yanzu ku samari, maganar danƙo. Na san daɗinsa, kuma na san ba yunwa ke sa yawancinku harbin beni ba, wanda duk namansa bai kai loma ba. Gwanintar hannu ce kawai ake gwadawa. Amma wanda ya ajiye kasko ya kuma laɓe da danƙo, tarko ya kafa, kuma tsuntsaye na gane gidan da ake harbi. A 1958 gwamnatin Sin ta sa jama'a su kashe gwara saboda tana cin hatsi. Aka fito da tukwane da ganguna ana kaɗawa har tsuntsaye suka riƙa faɗowa don gajiya. Sai fara da tsutsa suka samu sake, suka afka wa gonaki, abin ya ƙara wa yunwar da ta kashe miliyoyin mutane muni, dole a 1960 aka janye umarnin. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Ban ce babu tsuntsu mai ɓarna ba. Manomin da jan-baki ya sauka a gonar shinkafarsa ba ya bukatar wa'azina. Amma ku tambayi kakanninku yaushe rabon da su ga gauraka, tsuntsun da ake ɗauka a matsayin na ƙasa a Najeriya. Ku tambaye su ungulun da ke cika mahauta ina ta tafi. Tun 2015 aka sa irin ungulun nan ta cikin gari a jerin halittun da ke dab da ƙarewa a duniya. Shamuwa kuwa, da yake iyayenmu sun ɗauke ta mai albishir da damina ba a taɓa ta, har yau tana sheƙa a tsakiyar ƙauye tana cinye fara.

Idon da ya iya saitin danƙo ya iya gane tsuntsu daga nesa, kuma wannan ilimi ne da ake nema. Najeriya na da tsuntsaye sama da iri 900. A Jami'ar Jos akwai cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis, wadda ke tattara bayanan inda kowane iri yake a faɗin ƙasa, kuma da yawan masu aika mata bayanai matasa ne masu waya a hannu. Ku samu ɗan littafi ku riƙa rubuta wanda ya sauka a kaskonku da watan da ya zo. Sunayen kuma ku tambayi tsofaffi da mafarauta tun suna raye: cilakowa, ragon maza, zalaidu, suda, tsirya, yautai. Yaran birni da yawa ba su san ko uku daga cikinsu ba.

In damina ta sauka, ku duba ƙarƙashin inda tsuntsaye ke yawan zama. Za ku ga tsirrai sun fito waɗanda ba ku shuka ba, daga irin da suka kasayar. Kada ku yi saurin nome su. A yankin Maraɗi, tun 1983 wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya lura cewa 'yan tsirran da manoma ke sassabewa kowace shekara tohon kututturan itatuwa ne masu rai a ƙarƙashin ƙasa. Manoma suka koma zaɓen toho mafi ƙarfi suna barinsa, suna rage sauran, abin da aka kira sassabin zamani. Da wannan dabara aka farfaɗo da itatuwa kimanin miliyan 200 a kan hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, galibi ba tare da dashe ba. Ku yi haka a kusurwarku. Ku bar tsiron ya yi ganye huɗu ko shida, ku kai wa wani dattijo ya gaya muku ko mene ne. In magarya ce ko kurna ko aduwa kuma wurin ya dace, ku bar ɗaya ko biyu, ku tuge saura. In cediya ce ta fito a tsagar bango, ku cire ta tun tana ƙarama. Wanda kuka bari ku kewaye shi da ƙaya ko tsohon kwando tun ranar, kafin akuyar gidan ta gan shi, kuma ku ba shi ruwa a ranin farko da na biyu har saiwarsa ta kai laima.